Tagwayen Ƙarfen Kawu

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za a tattara mu, da wanda ya gama aikinsa da wanda aka hana shi gamawa.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, Allah Ya karɓi ran kawuna, yayan mahaifiyata, bayan ya yi kwana takwas a gadon asibiti ba ya iya magana. Shekararsa sittin da uku. Talatin da takwas daga ciki a tsaye ya yi su gaban injin sassaƙa ƙarfe, a ɗakin injuna na sashen fiziks na jami'a, can ƙarƙashin bene, inda taga ɗaya ce tal, kuma ba abin da ake hangowa ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa.

Mahaifiyata ce ta ce in rubuta wannan ta'aziyya. Ta ce, "Ka rubuta, amma ka bar bakin nan naka a gida." Na ce to. Na gwada, Kawu, Allah Ya sani na gwada. Amma kai ne ka sa min suna Reza saboda wannan bakin, kuma kai ne ka hana ni faɗin abin da ban auna ba. Abin da zan faɗa a nan na auna shi.

Ba zan manta ranar da aka kore ni daga makaranta ba, ina aji uku, saboda na gaya wa wani malami cewa shi kansa bai gane abin da yake karanta mana ba. Duk dangi sun taru a kaina, kowa na tofa tasa. Washegari ka zo da buhu a bayan kekenka, cike da tsofaffin littattafan da ɗakin karatu na jami'a ya zubar, wasu ba bango, wasu ruwa ya taɓa su. Ka sauke a ƙofar ɗakina ka ce, "Tunda ka fi malaminka sani, ga su nan. Waɗannan ba sa jin zagi." Da su na koyi karatu na gaskiya, ina tuntuɓe da kalmomi, ina zuwa wajenka da tambaya. Da na buɗe shagon gyaran waya kuma, kai ka sassaƙa min ƙananan sukundireba guda shida daga guntayen ƙarfen da aka yar, ka fafe mariƙinsu daidai da hannun hagu, don ka san ni bahago ne. Har yau da su nake cin abinci.

Ba ni kaɗai ba ne. Keken ɗinkin mahaifiyata da kamfanin da ya ƙera shi ya daina yin kayansa tun kafin a haife ni, haƙoran da ke cikinsa yanzu naka ne. Akwai wata ɗaliba da sandar da take dogarawa ke yanka mata hammata, ka gan ta sau ɗaya tana hawa bene, ka tsayar da ita ka auna, bayan kwana biyu ka miƙa mata sabuwa ba ka ko tambayi sunanta ba. Ɗalibai nawa ne suka sauko ɗakin nan da zanen da ba zai taɓa yin aiki ba, ka gyara musu shi a ɓoye, suka hau sama suka karɓi digiri? Wasunsu yanzu manya ne. Na duba fuskoki a wajen jana'izarka ɗaya bayan ɗaya. Biyu na gani.

Amma duk wanda ya san ka a shekaru shidan ƙarshe na rayuwarka ya san abu ɗaya ne ya cinye ka: tagwaye. Haka kake kiransu. Dole in yi bayaninsu a nan, domin mutane da yawa sun zo mana gaisuwa suna cewa, "Ashe har yanzu yana wancan aikin na gwangwani?"

Yadda ka fara nuna min ke nan. Wata rana da rana tsaka na sauko wajenka, ka ɗauki guduma a hannun dama, ƙaramin noti a hagu, ka ɗaga su daidai kafaɗa, ka ce, "Reza, wanne zai riga?" Na ce guduma mana, wannan ai ko yaro ya sani. Ka saki. Ƙara ɗaya na ji. Na ce ka yi coge. Ka miƙo min na saki da kaina har sau biyar, kana shan shayinka kana kallona. Sannan ka ce, "Ƙasa ta fi jan guduma da ƙarfi, gaskiyarka. Amma guduma ta fi noti taurin kai wajen motsawa. Jan da taurin kan sai su cinye juna, ba ragi ba ƙari. Shi ya sa komai tare yake faɗuwa, ko dutse ko auduga, in dai ba iskar da za ta tare shi. A kan wannan aka ɗora rabin littattafan da na kawo maka."

Na ce to an gama magana ke nan. Ka ce, "Wa ya ce maka cif-cif suke cinye juna? Idonka? Faɗuwar nan ko daƙiƙa ɗaya ba ta kai ba. Ga iska, ga motoci na girgiza ƙasa. In bambancin ɗan mitsitsi ne, yaushe zai samu lokacin nuna kansa?"

Daga nan ka gaya min abin da ya hana ni sukuni mako guda: wai tauraron ɗan'adam ba tashi yake yi ba, faɗuwa yake. Kullum yana faɗowa ƙasa, amma gudun da yake yi a kaikaice ya sa kullum yake kuskure ta. Faɗuwa ce da ba ta ƙarewa. To in aka sa ƙarafa biyu daban-daban a cikinsa, cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, ba abin da ke taɓa su, za su yi ta faɗuwa tare wata da watanni, na'ura na lura da su. In ɗaya ya fara zame wa ɗan'uwansa, ko da ƙanƙanin da hankali ba ya iya kawowa, to akwai gyara a littattafai. In ba su rabu ba, an ƙara sanin cewa ginin yana kan dutse.

Jami'arku ta samu gurbi a wani ƙaramin tauraro da jami'o'i da dama suka haɗu za su harba. Wata malama a sashenku, wadda kowa ke kira Dakta, ita ta tsara gwajin. Ita ce kaɗai a benen nan da ke saukowa ta zauna a kan kujerarka mai ƙafa uku ta tambaye ka ra'ayinka. Da aka ce a sayo ƙarafan daga wani kamfani na waje, ita ta ce akwai hannun da zai iya a ƙarƙashin ƙafafunsu. Aka sayo na kamfanin duk da haka aka ajiye, wai ko da a ce. Aka ce in naka sun fi su, naka za su tafi.

Abu ne kamar guntayen bututu biyu, tsawon tafin hannu, ƙarami na shiga cikin babba ba tare da sun taɓa juna ba. Na waje jan ƙarfe, na ciki alminiyam. A ido ba komai ba ne. Amma kuskuren da aka yarda ka yi a jikinsu bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin gashin kai ba. Ka yi na farko ka zubar. Ka yi na biyu ka zubar. Na bakwai Dakta ta ce sun yi, kai ka ce ba su yi ba, kuka yi kwana uku ba kwa gaisawa sosai, daga baya ma'auni ya ba ka gaskiya. Sau goma sha ɗaya kana zubar da aikin wata biyar-biyar. Matarka, Inna, ta taɓa ce min, "Ni dai na haifa masa 'ya'ya huɗu, ban ga wanda ya yi wa rainon da yake wa waɗannan ba."

Shugaban sashe kuwa, wannan bawan Allah mai tafiya da ƙugiyar makullai kamar mai gadin kurkuku, ya taɓa ce maka a gabana, "Malam, manyan ƙasashe sun riga sun yi irin gwajin nan, ba su ga bambanci ba. Me namu zai ƙara?" Ni na buɗe baki, ka taka min ƙafa. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, da suka ci abinci can, mu nan mun ƙoshi?" Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba ya hau sama. Ka juyo ka ce min, "Da ni da shi za mu faɗo daga benen nan, tare za mu iso ƙasa." Na ce a'a, shi sai ya tsaya a hanya ya jira a sa hannu. Ranar ka yi dariya har ka zubar da shayi a rigarka.

A watan Oktoba ka gama na goma sha biyu. Dakta ta auna, ta sake aunawa, ta ce sun fi na kamfanin nesa ba kusa ba. Aka yi musu wani siririn rufi mai launin toka, wanda ya kashe musu ƙyalli gaba ɗaya, don wutar lantarkin da za ta riƙe su a cikin akwati ta kama su daidai wa daida. Aka wanke su, aka sa su a tulun gilashi, aka zuƙe iskar. Daga ranar ba hannun da ya halatta ya taɓa su, ko da safar hannu. Ka ce min zanen yatsa ɗaya ya isa ya ɓata komai. Abin da ya rage kawai a kai su cibiyar da ake harhaɗa tauraron, kafin ƙarshen watan Maris.

To a nan ne, Kawu, nake rasa yadda zan riƙe alƙawarin da na yi wa mahaifiyata.

Dokar jami'a ta ce ba kayanta da zai fita ƙofa sai da takardar izini, kuma sai shugaban sashe ya sa hannu. Takarda ɗaya. Layi huɗu. Dakta ta rubuta ta a watan Oktoba, ta tafi cibiyar tana jiran su. Wata biyar takardar nan tana kan teburin mutumin nan. Yau ya tafi taro, gobe fayil ya ɓata, jibi an ce a sake bugawa don an canza tambarin jami'a. Kana hawa benen nan da gwiwarka mai ciwo duk ranar Litinin, sakatare na ce maka ka dawo. A watan Janairu kuma aka ce ana bukatar ɗan ƙaramin ɗakin nan mai tsabta da tagwayen ke ciki, za a zuba kujerun wani taro. Kujeru! Ka ɗauko tulun a ƙirjinka kamar jinjiri ka kai shi kabad ɗinka na ɗakin injuna, ka manna masa takarda: KAR A TAƁA.

Ran uku ga Maris ka faɗi a gaban injinka. Rabin jikinka ya shanye, magana ta ɗauke. A asibiti, duk lokacin da na matso kusa, sai ka ɗaga min yatsu biyu na hannun da ya rage maka. Inna ta ɗauka ƙarin filo kake so. Ni na gane. Na ce, "Na gane, Kawu. Suna hannuna." Ka lumshe ido. Wannan maganar ce ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu, kuma ƙarya ce, domin ban je ba. Na ce ai suna cikin kabad a kulle, me zai same su? Da ka rasu ma, na tsaya karɓar gaisuwa, na ɓata kwana biyu ina rubuta wa jami'a wasiƙar zagi da ban ma aika ba. In ana rabon laifi, ga nawa kason, na ɗauka tun kafin a miƙo min.

Mutumin da ya yi wata biyar bai sa hannu a layi huɗu ba, kwana uku kacal bayan rasuwarka ya fitar da sanarwa cewa a kwashe kayan mamaci daga kabad, za a ba wani. A nan alƙalaminsa bai ƙafe ba. A sanarwar ta'aziyyar da ya manna a allo ma shekara ashirin da takwas ya rubuta maka, ya cinye goma. Dakta ta bugo waya daga cibiyar ta ce kada kowa ya taɓa kabad ɗin sai ta iso ranar Talata. Sakatare ya rubuta saƙon a takarda ya ɗora a kan teburin nan dai da komai ke zuwa ya mutu.

Da aka rasa wanda ya san waɗanne kaya ne naka waɗanne ne na jami'a, sai aka aika wa Dogo.

Duk wanda ya san ka ya san Dogo. Ubangida ɗaya ya koya muku aiki kuna samari, kuka yi shekara talatin da wani abu injinsa na kallon naka, har ya yi ritaya shekara biyu da suka wuce. Kullum cikin musu kuke: wa ya fi wani hannu, wa ya ɗauke wa wani sabulu. Shi ya fi kowa kuka a maƙabarta, wannan dogon tsoho, yana kuka kamar an yanka shi. Ubangidan nan naku ya bar muku doka ɗaya da ya ce in kun karya bai yafe ba: ba a ajiye ƙarfe sai an goge shi an shafa masa mai. Ka sha gaya min cewa ko cokali Dogo ya gani a yashe sai hannunsa ya tafi aljihu neman tsumma.

Ranar Litinin da hantsi na je ɗauko tabaranka da littafin da kake rubuta awo a ciki. Tun daga matakala na ji ƙanshin man inji. Na shiga na tarar Dogo ya shimfiɗa jarida a kan teburinka, ya jera kayan aikinka daga babba zuwa ƙarami, kowanne ya sha guga ya sha mai. A tsakiyarsu ga tulun gilashi a buɗe. Ga tagwaye a kan jarida. Na jan ƙarfen yana walƙiya har ina ganin fuskata a jikinsa.

Dogo ya ɗago, idonsa jawur, amma yana murmushi. Ya ce, "Reza, zo ka gani. Kwanciyar da kawunka ya yi ce ta sa suka dusashe, duk sun yi toka-toka. Na ce wallahi baƙi ba za su zo su ga aikinsa da dauɗa ba. Awa biyu na yi a kan jan nan. Samfefa mafi laushi na sa, kar ka damu."

Na nuna masa takardar da ke jikin tulun. Na ce, "Baba Dogo, ba ka ga wannan ba?"

Ya ce, "Kar a taɓa? Haba ɗan nan. Ai a kofin shayinsa ma haka ya rubuta."

Kuma gaskiya ya faɗa, Kawu. A kofinka ka rubuta. A rediyonka ka rubuta. A sabulu, a kujera mai ƙafa uku, har a jikin tsintsiya. Shekara talatin Dogo yana ganin KAR A TAƁA yana taɓawa, kana masifa, kuna dariya. Ta ina zai san wannan karon da gaske kake?

Abin da na faɗa wa tsohon nan ranar, ba zan rubuta shi duka ba. Na ce masa ya kashe ka karo na biyu. Na ce hannunsa ya fi kansa sauri tun yana yaro. Na faɗa da ƙarfi har ɗalibai suka leƙo ta tagar nan. Murmushin ne ya fara tafiya, sannan ya zauna a ƙasa, a kan simintin nan mai maiƙo, tsumman na hannunsa, yana kallon tagwayen yana kallona. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Bai taɓa gaya min ba."

Wannan maganar ita ke cina har yau, kuma da kai nake, Kawu. Ka yafe min, an ce ba a yi wa mamaci faɗa, amma wa zan yi wa? Ni mai gyaran waya ka zaunar da ni yini guda-guda kana min bayanin faɗuwar da ba ta ƙarewa. Amininka na shekara arba'in, wanda yake zuwa shan shayi wajenka duk mako ko bayan ya yi ritaya, ba ka taɓa ce masa, "Dogo, waɗannan ba irin ƙarfen da muka sani ba ne, man inji guba ne a gare su." Minti biyu ya isa. Na san dalilinka. Ba ka so ya ga kamar kana nuna masa ka wuce shi, kai kana aikin sama shi yana ta gyaran ƙyauren ajujuwa. Kunyarsa ka ji. To ga inda kunyar ta kai mu.

Dakta ta iso ranar Talata kamar yadda ta ce. Ta makara da kwana ɗaya. Ta tsaya a bakin teburin ta dube su, sannan ta nemi kujera. Duk da haka ta ɗauke su ta yi kwana biyu tana awo, ko Allah zai sa. Ta ce min abin da samfefar ta ci ya ninka kuskuren da aka yarda da shi sau arba'in, rufin ya tafi, man kuma ya shige cikin ƙananan kafofin ƙarfen, a sama zai yi ta fita a hankali yana tura su, na'ura ta yi ta ba da labarin ƙarya. Na ce a sake sassaƙawa mana, ga littafinka, ni zan karanta, Dogo ya riƙe inji. Ta ce, "Shi da ya yi sau goma sha biyu, wata biyar yake ɗauka. Mu kwana goma sha ɗaya gare mu." Ta roƙi cibiyar su ɗaga ranar. Suka ce roka ba ta jiran kowa.

Na kamfanin ne za su tafi, Kawu. An riga an rufe akwatin. Za su yi shekara biyu suna zagaya duniya suna faɗuwa, kuma idan aka rubuta sakamako, ba inda za a ga alamar hannunka.

Ranar Alhamis, ashirin ga wata, masinja ya sauko ɗakin injuna da takarda. Izinin fitar da ƙarafa biyu daga harabar jami'a, da sa hannun shugaban sashe, da tambari sabo fil. Na karɓa na karanta. Dakta ta zare ta daga hannuna kafin in yaga. Ta ce, "Bar ta. Ba a rubuta inda za a kai su ba." Ta naɗe tagwayen a gyalenta, muka nuna wa mai gadi takardar, ya duba ya buɗe mana ƙofa. Gidanka muka nufa.

Inna tana zaune a ɗakinta da la'asar. Da ta ji abin da muka kawo, ta ce ba za a kwance ƙullin ba sai na je na taho da Dogo. Na fara cewa, "Inna, ai shi ne..." Ta ce, "Na ji abin da ka gaya masa. Unguwa duk ta ji. Tashi." Na tashi. Na same shi a zaure, kwana uku bai fita ba, ya rame kamar wanda ya yi jinya. Na durƙusa na ba shi haƙuri, kalmomin suna maƙale min, don ban saba ba. Ya ce, "Kai ka faɗa da baki, ni na yi da hannu. Wa zai yafe wa wa?" Da ƙyar ya biyo ni.

Aka kwance gyalen. Shekara shida abin nan yana cinye mata miji, ranar ce Inna ta fara ganinsu, balle taɓawa. Ta ɗauki na jan ƙarfen tana jujjuya shi a hasken ƙofa. Ta ce, "Ashe haka suke da kyau. Shi ya ce min ba kyan gani gare su ba." Dogo ya sunkuyar da kai. Ta ɗauki ɗaya a kowane hannu tana gwada nauyinsu, ta ce, "Wannan ya yi uku ɗin wannan. Wai su ne yake cewa tare za su faɗi?"

Dakta ta ce, "Su ne, Inna."

Ta ce, "Ni fa ban taɓa yarda ba. Na dai ƙyale shi ne."

Ta miƙe tsaye a bakin gado, ta ɗaga su daidai kafaɗa, yadda kake yi, ashe tana lura. Ta saki. Suka nutse cikin katifa lokaci guda.

Ta ce, "Oho. Ashe da gaskiyarsa."

Faɗuwar da tagwayenka suka samu ke nan, Kawu. An yi su don shekara biyu, suka samu ƙasa da daƙiƙa ɗaya, daga hannun matarka zuwa gadonka. Can Dogo ya miƙa hannu ya ɗauko su, ya ga zanen yatsun Inna a jikin jan, hannunsa ya tafi aljihu da kansa. Tsumman ya fito rabi, sai ya tuna, ya ƙame, ya dubi Dakta kamar yaron da aka kama.

Ta ce, "Goge, Baba. Yanzu kam goge."

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo gare Ka, mutumin da bai taɓa miƙa aikin da ya san da aibu a cikinsa ba, ko da ba idon da zai gani. Ka yi masa awo da rahamarKa, kada Ka yi masa da irin tsananin da yake yi wa kansa. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka shi fiye da ɗakin da ya yi rayuwarsa a ciki. Duk wanda ya taka ƙasa da sandar da ya ƙera, ko ya ci abinci da abin da ya gyara, Ka kai masa ladan har inda yake. Ka sa Aljanna ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna da 'ya'yanta huɗu, da mahaifiyata wadda ta rasa yaya kuma uba, Allah Ya ba ku haƙurin da ni na kasa. Ga Dakta, wadda ta san darajarsa tun yana iya jin a faɗa. Ga Baba Dogo, wanda ya fi mu duka rashi, Allah Ya sanyaya masa, Ya yafe min abin da bakina ya yi masa. Mahaifiyata ta ce lallai in sa shugaban sashe a addu'a. To, Allah Ya shirye shi, Ya sa ranar da zai bukaci wani ya sa masa hannu, kada takardarsa ta kwana.

Yatsu biyu ka ɗaga min, Kawu, na ce suna hannuna. Ka yafe min. Suna kan kabad ɗin Inna yanzu, kusa da tabaranka, kuma kowa na taɓawa.

Allah Ya jiƙan ka. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.